Wane Harsashi Ya Fi Tsai Da Giwa Da Ɓauna?

Duk manomin da gonarsa ke bakin kurmi ko bakin gulbi ya san ba fara da tsuntsaye kaɗai ne ke cin wahalarsa ba. Akwai manyan ɓarayi masu ƙafa huɗu. Toron giwa guda yakan ci ganye da ciyawa wajen kilo 150 a rana, abin da ya tattake kuwa ya fi abin da ya ci. Dorina takan fito da dare ta ci wajen kilo 40, in kuwa fadamar shinkafa ta tarar, to, sai dai a yi wa mai ita jaje. Manoman da ke kewaye da gandun dajin Yankari a ƙasar Bauchi, da masu noman bakin Binuwai da Kwara, ba labari suke ji ba, da idonsu suke gani.

In irin wannan ɓarna ta auku ba a rasa mai cewa, “A nemo babbar bindiga mana!” Sai gardama ta kaure a dandali ko a rumfar kasuwa, wannan ya ce mai faɗin baki ita ce magani, wancan ya ce a'a, mai nisan zango ta fi. To, wannan mako za mu ajiye zancen iri da taki, mu duba gardamar nan. An daɗe da gwada ta a Afirka ta Gabas da ta Kudu, inda maharba da ma'aikatan daji suka shafe fiye da shekara ɗari suna karawa da giwa da ɓauna, suna kuwa rubuta abin da suka gani. Abin da suka gano shi ne, harsashin da ya fi aiki shi ne wanda ke huda sosai, wanda mai harbin ke iya sa shi inda ya nufa, wanda kuma ake samu a kanti. Girma yana daga baya.

Tun da wuri mu faɗa, ba muna zuga kowa ya ɗauki bindiga ba ne. Aikin nan na hukuma ne. Amma manomin da ya san yadda abin yake ba zai roƙi a yi masa aikin da zai jawo wa garinsu masifa ba.

YADDA AKE AUNA HARSASHI

Harsashi abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso na tagulla, akwai albarushi a cikinsa, akwai ɗan maƙyasti a gindinsa wanda ke ta da wutar, sa'an nan akwai ƙwaya a bakinsa. Ƙwayar ce kaɗai ke fita ta sami dabba.

Lambar da kuke ji a sunan harsashi faɗin ƙwayarsa ce. In an ce .375, watau an kasa inci ɗaya kashi 1,000 an ɗauki kashi 375. Jamusawa su da milimita suke aunawa. In sun ce 9.3x62, faɗin ƙwaya milimita 9.3 ke nan, tsawon kwanso kuwa 62. Amma fa suna yakan ruɗi mutum. Wanda ake kira .404 ainihin faɗinsa .423 ne, .600 kuwa .620 ne.

Nauyin ƙwaya da wani awo ake faɗinsa mai suna giren. Asalin awon nan na manoma ne, domin nauyin ƙwayar sha'ir guda ne Turawan da suka ɗauka suka mai da shi ma'auni. Giren 7,000 shi ne laba ɗaya. Giren 300 giram 19 ne da ɗan ɗori, giren 500 kuwa giram 32 ne da ɗan ɗori.

Gudun ƙwaya ana faɗin ƙafa nawa take ci a sakan ɗaya sa'ad da ta bar bakin bindiga. In an haɗa nauyi da gudu sai a sami ƙarfin bugu. Awonsa guda shi ne ƙarfin da zai ɗaga laba ɗaya sama ƙafa ɗaya. Akawuna su lura da wannan: in aka ninka nauyi biyu, ƙarfin bugu ya ninku biyu, amma in gudu aka ninka biyu, ƙarfin ya ninku huɗu. Shi ya sa masu sayar da bindiga ke son wannan awo, domin ɗan ƙarin gudu kaɗan yakan kumbura lissafi a takarda.

DAGA BAƘIN ALBARUSHI ZUWA KODAYIT

Maharban Turawa na farko da baƙin albarushi suka yi aiki, irin wanda ake ɗura wa bindigar toka. Baƙin albarushi ba ya tura ƙwaya da gudu sosai, da ƙyar take wuce ƙafa 1,500 a sakan. Saboda haka dabara ɗaya ce ta rage musu, watau su ƙara girman dalma. Wani Baturen Ingila, Frederick Selous, ya fara harbin giwa a ƙasar da yau ake kira Zimbabuwe wajen 1872, da bindigar da ake ɗurawa ta baki, wadda dalmarta huɗu ke cika laba ɗaya. Kowace dalma oza huɗu ke nan, faɗinta ya ɗara inci. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa shurin waɗannan bindigogi ya ɓata masa saiti har iyakar ransa. Samuel Baker, wanda ya bi kogin Nilu cikin shekarun 1860, yana da wata mai jefa rabin laba. In ya harba ta sai ta juya shi, kansa ya yi ta ciwo.

A 1889 aka ƙago wani sabon albarushi a Ingila mai suna kodayit, siri-siri kamar tsinken tsintsiya, ba shi da hayaƙi da yawa, ga ƙarfi. A 1898 kamfanin Rigby na Landan ya fito da harsashin .450 Nitro Express, ƙwayarsa giren 480, gudunta ƙafa 2,150, ƙarfin bugunta ya kusa 5,000. Ƙwayar ba ta kai sulusin nauyin ta Selous ba, amma ta fi ta huda nesa ba kusa ba. Nan da nan wannan awo ya zama kamar mudun kasuwa, kowane sabon harsashi da shi ake gwada shi.

Wajen 1907 gwamnatin Ingila ta hana shigar da harsashi mai faɗin .450 ƙasar Indiya da ta Sudan, don gudun kada masu yi mata tawaye su sami abin sa wa tsofaffin bindigogin soja na Martini-Henry da ke hannunsu, masu wannan faɗi. Maƙeran Landan da na Birmingham suka yi dabara, kowa ya ɗan ƙara faɗi ya sa sabon suna. Ga .465, ga .470, ga .475, ga .476. Duk aikinsu ɗaya ne da .450. Masu gardama a kan wanne ya fi a cikinsu, gardamar suna kawai suke yi. A ƙarshe .470 ne ya fi karɓuwa.

GA SU A JERE

Ga fitattun harsasan da awonsu kamar yadda aka saba ɗura su:

9.3x62 Mauser, na 1905: giren 286, gudu 2,360, bugu wajen 3,500.

.375 Holland & Holland, na 1912: giren 300, gudu 2,500, bugu wajen 4,200.

.404 Jeffery: giren 400, gudu 2,150, bugu wajen 4,100.

.416 Rigby, na 1911: giren 400, gudu 2,400, bugu wajen 5,100.

.470 Nitro Express: giren 500, gudu 2,150, bugu wajen 5,100.

.458 Winchester, na 1956: giren 500, gudu 2,150 a takarda, bugu wajen 5,100.

.500 Nitro Express: giren 570, gudu 2,150, bugu wajen 5,850.

.577 Nitro Express: giren 750, gudu 2,050, bugu wajen 7,000.

.460 Weatherby: giren 500, gudu 2,600, bugu wajen 7,500.

.600 Nitro Express: giren 900, gudu 1,950, bugu wajen 7,600.

Wanda ya duba jerin nan da idon ɗan kasuwa zai ce ai magana ta ƙare, na ƙasa sun ninka na sama, a ba ni .600. Amma ku dakata ku ji labarin wani mutum tukuna.

ƊAN HAKIN DA KA RAINA

W. D. M. Bell mutumin Sikotilan ne, ya fara farautar haure a Karamoja ta ƙasar Yuganda a 1902. A rayuwarsa ya kashe giwa 1,011. Wajen 800 daga cikinsu da ɗan ƙaramin harsashin soja ya kashe su, mai suna 7x57, wanda ƙwayarsa giren 173 ce kawai, ƙarfin bugunta wajen 2,000. Bai kai sulusin na .600 ba. Ba yabon aikinsa muke yi ba, domin irin wannan kisa don haure na cikin abin da ya ƙarar da giwa a ƙasashe da yawa. Darasin harsashi muke so mu ɗauka. Yaya aka yi ɗan wannan abu ya ka da toron da ya kai tan biyar ko shida?

Dalili na farko, Bell ya san inda zai harba. Ya sa an tsaga masa ƙoƙon kan giwa da zarto, ya duba wurin da ƙwaƙwalwa take, ya koyi yadda zai same ta ta gaba da ta gefe da ta baya. Dalili na biyu, ƙwayar harsashinsa doguwa ce siririya, tana da nauyi in an gwada da faɗinta.

Wannan na biyu shi ne zuciyar maganar. Ku ɗauki dunƙulen ƙarfe ku jefi buhun gero, sai ya daki buhu ya faɗi. Ku ba maƙeri wannan ƙarfe ya miƙe shi ya zama mashi, nauyin bai sāke ba, amma yanzu zai shige buhun ya fita. Nauyin ya taru bayan ɗan ƙaramin wuri ke nan. Akwai lissafin wannan: a mai da nauyin ƙwaya laba, a raba shi da faɗinta sau faɗinta. Misali .375: giren 300 a raba da 7,000, sa'an nan a raba abin da ya fito da .375 sau .375, za a sami .305. In an yi wa sauran haka, 9.3x62 ya ba da .305, .577 ya ba da .313, .470 ya ba da .317, .404 ya ba da .319, .416 ya ba da .330, .600 ya ba da .334, .458 ya ba da .341. Ɗan harsashin Bell kuwa .306. Kun ga duk sun haye .300, manya da ƙanana. Dunƙulalliyar dalmar Selous mai oza huɗu ba ta wuce .230 ba, shi ya sa takan maƙale cikin ƙashi, ga ta kuwa da girma.

Huda tana da muhimmanci haka ne saboda yadda Allah ya halicci dabbobin nan. Ƙoƙon kan giwa ƙashi ne mai ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, ƙwaƙwalwar tana can ciki. In ta gaba aka harba, sai ƙwaya ta ratsa wajen ƙafa biyu ko fiye na fata da tsoka da ƙashi kafin ta isa. Ɓauna kuwa haƙarƙarinta masu faɗi ne, sun kusa rufe juna, ga tumbi cike da jiƙaƙƙiyar ciyawa mai tsai da harsashi kamar buhun yashi. Ƙwayar da ta tsaya rabin hanya, komai ƙarfin bugunta a takarda, rauni kawai ta yi.

TO, MENENE AMFANIN MANYAN?

Suna da nasu amfani, kada mu zalunce su. Bell yakan laɓaɓa ne ya harbi giwar da ba ta san da shi ba. Ma'aikacin dajin da aka aika ya kori giwa daga gonar ayaba ko masara, sau da yawa cikin duhuwa yake aiki, dabbar ta riga ta husata, tsakaninsu bai fi yadi goma ba. A nan ba kullum ake samun ƙwaƙwalwa ba. In ƙwayar ta kuskure ta da ɗan kaɗan, ƙarama sai ta wuce giwar ta ci gaba da zuwa, babba kuwa takan gigita ta, ta durƙusar da ita ko ta juya ta, har a sami damar harbi na biyu.

Wani maharbi ɗan Ayalan, John Taylor, ya yi bayanin wannan cikin littafinsa na 1948 mai suna African Rifles and Cartridges. Ya ƙago nasa awo: nauyi sau gudu sau faɗi, a raba da 7,000. A wannan awo ɗan harsashin Bell ya sami 16, .375 ya sami 40, .416 ya sami 57, .470 ya sami 73, .577 ya sami 128, .600 ya sami 155. Taylor don harbin kan giwa kaɗai ya yi awon, ba don kowace farauta ba. Shi ɗin nan kuma da ya jera manyan a sama, yana cikin waɗanda suka fi yabon .375.

Ashe aiki biyu ne. Akwai harsashin kashewa, wanda ake harbawa cikin natsuwa, akwai kuma na tsayarwa, wanda ake harbawa ran da abu ya ɓaci. Daga .470 zuwa sama na tsayarwa ne. In na farko ya tafi daidai, ba a bukatar na biyu.

SHURIN BINDIGA

Ƙarfin da ya tura ƙwaya gaba shi ke tura bindiga baya, kafaɗar mai harbi ce kuwa ke biyan wannan bashi. Da awon nan na ƙarfin bugu ake auna shuri. Tsohuwar bindigar soja ta .303 shurinta wajen 15 ne. Na 9.3x62 wajen 30, na .375 da .404 wajen 40, na .416 da .458 wajen 60, na .470 wajen 70, na .460 Weatherby wajen 100. Wannan lissafi yakan sāke gwargwadon nauyin bindiga, mai nauyi ta fi sauƙin shuri. Saboda haka ake ƙera .577 da .600 da nauyin laba 13 zuwa 16, duk da haka shurinsu yakan kusanci 100.

Illa biyu ke nan. Ta farko, wanda bindiga ta taɓa shura sau biyu sau uku, jikinsa yakan koyi tsoro. Kafin ya ja kunama sai ya runtse ido ya noƙe kafaɗa, bakin bindiga ya kauce, shi bai ma sani ba. Abin da ya sami Selous ke nan. Ta biyu, bindiga mai laba 16 ba a yini da ita a kafaɗa cikin rana. Attajiran Turawa wani suke ɗauka ya riƙe musu, su karɓa in an iso. Ma'aikacin daji ba shi da yaron riƙo, shi zai bi sawu mil goma ko goma sha biyar, ya iso hannunsa na rawa. Kowane manomi ya san wannan. Garmar da ta fi ƙarfin shanunka ba ta ƙara maka kunya ko ɗaya, sai dai ta gajiyar da su tun hantsi.

Shi ya sa da ma'aikatun daji na Kenya da Tanganyika da Rodeshiya suka tashi raba wa ma'aikatansu bindigar korar giwa daga gonaki, .404 Jeffery suka fi zaɓa. Bindiga ce mai sakata irin ta soja, ba tsada, shurinta da sauƙi, ƙwayarta kuwa tana huda. Haka kuma 9.3x62, wanda wani maƙerin Balin mai suna Otto Bock ya ƙago. Jamusawa masu gonaki a Afirka da shi suka riƙa neman nama, da shi suka riƙa tsare amfanin gonarsu, domin yana shiga bindigar Mauser ta kowa da kowa. Shi kuwa .416 Rigby, duk da sunan da ya yi, bindigoginsa da kamfanin ya ƙera kafin yaƙin 1939 ba su kai 200 ba. Sai bayan da wani marubucin Amurka, Robert Ruark, ya ba da labarin jagoransa Harry Selby da bindigarsa cikin wani littafi na 1953 sa'an nan duniya ta san shi.

IRIN ƘWAYA

Harsashi ɗaya yakan zo da ƙwaya iri biyu. Akwai mai sulke, wadda aka rufe dalmarta da ƙarfe mai tauri don kada ta lanƙwashe. Ita ce ta giwa da dorina da karkanda. Akwai mai taushin kai, wadda ke buɗewa cikin jiki kamar laima ta yi rami mai faɗi. Ita ce ta zaki da sauran masu siririyar fata. Ɓauna an saba fara mata da mai taushin kai mai ƙwari, a bi da masu sulke. In aka sa wa kan giwa mai taushin kai, ko ta .600 ce, a kan ƙashi za ta baje. Yanzu ana ƙera ƙwaya da zallan tagulla ba dalma a ciki, waɗansu da baki shafaffe, an kuwa ga sun fi tafiya miƙe. Wannan gyara ya ƙara wa matsakaitan harsasai daraja ƙwarai.

Gudu ma in ya yi yawa yakan zama illa. .460 Weatherby da .458 Winchester ƙwayarsu ɗaya ce, giren 500. Ƙarin ƙafa 450 na gudu ya ƙara ƙarfin bugu kusan rabi, amma ƙwayoyin da ake da su a da sukan fashe ko su lanƙwashe in sun daki ƙashi da irin wannan gudu. Maharba da yawa sun tsaya a kan cewa tsakanin ƙafa 2,150 da 2,400 ya isa.

RANA DA KANTI

Kodayit ba ya son zafi. In harsashi ya sha rana, ƙarfin wutarsa yakan hau, kwanso ya kumbura ya ƙi fita. Saboda haka maƙeran Ingila suka yi wa .416 da .404 da .470 manyan kwansuna, don albarushi ya sami sarari. Da kamfanin Winchester na Amurka ya zo da .458 a 1956, so ya yi ya sami aikin .470 cikin ɗan gajeren kwanso mai inci biyu da rabi, wanda zai shiga bindiga mai arha. Sai aka danƙara albarushi a ciki. In harsashin ya daɗe a ajiye cikin zafi, albarushin yakan dunƙule, ya ƙi cinyewa daidai. Da aka auna sai aka tarar waɗansu ba su kai ƙafa 2,000 ba. Ku yi lissafi: giren 500 a gudun 1,900 ƙarfinsa 4,000 ne, ba 5,100 ba. A 1959 ɓauna ta ji wa wani Ba'amurke, Jack Lott, rauni a Mozambik yana riƙe da .458. Da ya warke ya ƙara wa kwanson tsawo zuwa inci 2.8, a 1971 ya fito da .458 Lott, mai tura giren 500 ƙafa 2,300 ba tare da danƙara ba. Albarushin zamani ya riga ya gyara .458 Winchester, amma darasin yana nan: abin da aka rubuta a kwali daban, abin da rana ta bari daban.

Sa'an nan ga maganar samuwa. Yawancin manyan harsasan Ingila kamfani ɗaya ke ɗura su, watau Kynoch na Birmingham. Cikin shekarun 1960 ya yi ta ragewa har ya daina. Masu tsadaddun bindigogi masu baki biyu suka wayi gari da sanduna a hannu. Sai daga wajen 1989 aka koma yin waɗansunsu. .375 bai shiga wannan hali ba, domin kamfanonin Amurka sun ɗauke shi tun kafin yaƙi. Wanda ya taɓa sayen injin ban ruwa da ba a samun kayan gyaransa a kasuwa ya gane abin da muke nufi.

HUKUNCI

In an tara duka, .375 Holland & Holland shi ya fi kowanne yawan amfani. Yana huda, yawancin mutane suna iya jure shurinsa, yana kai yadi 250 ga gwanki ko gyado, ana kuwa samunsa ko'ina ake farauta. Dokar Tanzaniya shi ta sa iyakar ƙanƙanta ga giwa da ɓauna. Ta Zimbabuwe ta yanka faɗin milimita 9.2 tare da wani ƙarfin bugu da ba a sauka ƙasa da shi. Mai aikin giwa kullum, .404 ko .416 sun fi masa. Wanda aikinsa bin dabba mai rauni cikin sarƙaƙiya, shi ke bukatar .470 ko .458 ko .500, in dai ya saba da su. .577 da .600 na ƙalilan ne. Bindigar toka da ta harbin tsuntsu kuwa ba su cikin lissafin nan ko kusa.

GARGAƊI GA MANOMA

Wannan na ƙarshe shi ya fi shafarmu. Giwa ko ɓauna ko dorinar da aka sa wa gutsattsarin ƙarfe da bindigar toka ba mutuwa take yi ba. Tafiya take da miki yana ruɓa, ta koma mai neman mutum. Wanda ya harbe ta ya gudu gida, wanda za ta tarar kuwa mace ce mai neman itace, ko yaro mai kiwo, ko masunci cikin kwalekwale. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ban da haka ga doka. A Nijeriya, tun Dokar Bindigogi ta 1959, ba a riƙe bindiga sai da lasisi. Giwa tana cikin dabbobin da doka ta kare, cinikin haure tsakanin ƙasashe kuwa an hana shi tun 1989. Giwayen Yankari, gandun da aka keɓe a 1956, suna cikin 'yan garkunan da suka rage mana. In dabba ta dame ku, ku kai ƙara wurin mai gari da ma'aikatan gandun daji tun ran farko. Ku faɗa musu irin dabbar, da yawansu, da hanyar da suke bi, da lokacin da suke zuwa, ku faɗa kuma in kun ga alamar rauni a jikin wata.

Kafin nan akwai abin da za ku iya yi da hannunku. A Kenya an gwada rataye amyar zuma kewaye da gona, tsakanin kowace biyu wajen yadi goma, a haɗa su da waya. In giwa ta taɓa waya sai amya ta girgiza, ƙudan zuma su fito. Mafi yawan giwayen da suka zo suka juya, manomi kuwa ya sami zumar sayarwa. Waɗansu sukan shafa wa igiya dakakken barkono da baƙin mai su kewaye gona, ko su cuɗa barkono da kashin shanu su turara da dare ta inda iska ke kaɗawa. Dorina ba ta tsalle, saboda haka rami mai zurfi ko ƙaƙƙarfan shinge yakan tare ta, musamman in an bar mata ciyawar bakin ruwa ba a nome ta duka ba. Maƙwabta kuma su haɗa kai su yi gadi bi da bi, da ganga da fitila. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mana amfanin gonarmu, ya sa mu girbe lafiya. Sai mako mai zuwa.